Yadda Na Ɗebo Ƙanƙarar Tsohon Hadari da Zanen Yayata

Na rantse da abincin da na ci yau, da wanda nake sa ran ci gobe, ba za ku yarda da abin da zan faɗa muku ba. Ban kuma damu ba. Ku yarda, ya faru. Ku ƙi yarda, ya faru. Ku dai gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu.

Sunana Tunau, ɗan Birnin Kantulu, garin da aka gina a kan wani dutse mai siffar tulu a ƙasar Dogon Hayi, inda rana ke fitowa daga ƙarƙashin ƙafafunmu, shaho kuwa sai ya ɗaga kai kafin ya hango gindin ganuwarmu. A garinmu ba a kiwon doki, don ba inda doki zai je. Ka fita ƙofar gari ka yi taku goma, sai faɗuwa ta yini guda. Abin hawanmu shi ne hurau.

Hurau ya fi raƙumi tsawo, yana da fukafukai huɗu, kowanne kamar tabarmar masallaci, gashinsa shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. A ƙarƙashin wuyansa akwai wata jaka kamar salkar ruwa. Wannan dabba ba ta jin bulala, ba ta jin dawa. Kirari take ji. Ka yaba ta, ka yabi kanka da ke bisa bayanta, sai jakar nan ta kumbura, ta yi sama da kai. Ka ƙara yabo, ta ƙara sama. Ka yi shiru, ta miƙe sak a inda take. Dama da hagu kuwa aikin linzami ne. To ku gaya mini, a duk faɗin duniya wa aka halitta wa irin wannan dabba in ba ni ba?

Amma a Kantulu ba a barin mutum ya hau sai ya yi shekara biyar a Makarantar Fiffike, wajen Malam Jatau, wani tsoho mai gemu kamar tsintsiyar laushi. Shekarar fari shara da ɗaurin sirdi. Ta biyu haddar kirari. Ta uku linzami da tashi. Abin da ake yi a ta huɗu da ta biyar ban sani ba, don a tsakiyar ta uku na daina zuwa. Mutane suna cewa guduwa na yi. Ƙarya ne. Dubawa na yi na ga makarantar ta yi mini kaɗan.

Wanda ya gama, ana tura shi Tsohon Hadari, wani baƙin hadari da ke tsaye can gabas tun kafin a haifi kakanninmu, bai taɓa zubar da ruwa ba, bai taɓa gushewa ba. Zai shiga cikinsa ya tsinko ƙanƙara, ya kawo ta ya sa a akushin Malam kafin ta narke. Daga nan a ƙera masa munduwar jan ƙarfe, ya zama mahayi, a riƙa ba shi hanya a kasuwa. Yayata Tasalla ta samu tata shekara biyu da suka wuce, tun ranar kuwa ba ta sake miƙo mini ko ludayi da hannun hagu ba, kullum da hannun da munduwar take, don in gani.

Munduwar nan nake so. Na yi lissafi na ga ƙanƙara ake bukata, ba shekara biyar ba.

Ranar Laraba, ranar kasuwarmu, da hantsi, Yaya ta tafi kitso. Hurau yana gane mai shi da ƙamshi ne, nata kuma, wata mace mai suna Ƙyalli, ba ta yarda kowa ya taɓa sirdinta. Sai na shiga ɗakin Yaya na tarar ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta, ta shimfiɗa sabon zanenta a kai yana shan hayaƙi. Na ɗaura shi har ƙirji, na yafa gyalenta, na rufe fuska saura idanu, na nufi garke ina karairaya. Tsohon da ke gadin garken ya ɗago kai.

"Tasalla, yau ma fita? Ina wannan shaiɗanin ƙanen naki?"

Na siranta murya na ce, "Yana gida yana karatu, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ban ji haushi ba, don na san kafin la'asar zai ba ni hanya a kasuwa.

Ƙyalli ta shinshine ni daga kai har ƙafa, ta yi atishawa, ta durƙusa. Na ɗaura sirdi, na haye, na ja numfashi, na buɗe baki:

"Ƙyalli ta Tasalla, shuɗiya 'yar shuɗiya! Inuwarki ta rufe gona bakwai! Iska na ganinki ta koma gida! Ga Tunau a bayanki, wanda barkono ke tsoron idonsa!"

Jakar wuyanta ta kumbura kamar an hura balan-balan. Sai na ji garke ya tafi, gari ya tafi, hanjina ma ya so ya zauna a ƙasa, na dai taho da shi da ƙyar. Ban kalli ƙasa ba. Ba don komai ba, don ba abin kallo a ƙasa.

Na ja linzami gabas. Muka wuce Tafkin Madubi, wanda kifayensa ke iyo da cikinsu a sama don su riƙa ganin kansu. Muka wuce Dajin Tsaye, inda itatuwa ke tafiya neman inuwa. Kafin rana ta take tsaka muka iso Rataye.

Rataye gari ne na mutanen da ke zaune a cikin duma. Wata yaɗuwar duma ce ta miƙe daga kan wani tsauni zuwa wani, kowane ɗan duma ya kai girman ɗaki, an fafe masa ƙofa da taga, iyali guda a ciki suna lilo. Mutanen kirki ne, sai dai kirkin nasu ya yi yawa. Duk baƙon da ya gitta sai sun tare shi an yi gaisuwa, gaisuwarsu kuwa kwana uku ce, don sai an tambayi lafiyar kowa a gidanku har da kaji, ɗaya bayan ɗaya. Da yake baƙi sun gane suna ƙin tsayawa, sai suka koma kafa raga.

Ban ankara ba sai na ji an fizge mu. Raga ta naɗe ƙafar Ƙyalli, ƙarti goma sha biyu sun riƙe igiya suna murmushi. Sarkinsu ya leƙo daga babban duma, ƙato ne mai tumbi.

"Maraba, maraba da baƙuwa! A jawo ta. A ɗora kunu. Baiwar Allah, daga ina?"

Ni kuwa na san abin da duk Kantulu ta sani: shekara tara da suka wuce wannan sarki ya auri 'yar unguwarmu, Lantana. Na kuma san su a Rataye kunyar suruka ta fi ta ko'ina, namiji ba ya ɗaga ido ya dubi uwar matarsa har ya mutu. Sai na ƙara jan gyale, na sa muryar tsohuwa mai rawa.

"Ashe haka ake yi a garin nan? Ni uwar Lantana za a kama da raga kamar kifi? To madalla. Na gode, ɗana. Allah ya yi albarka."

Wallahi ban taɓa ganin ƙato ya durƙusa da sauri haka ba. Sarki ya zube, ya rufe fuska da hannun riga, yana "Inna, a gafarce ni, Inna, ban sani ba." Ƙartin nan goma sha biyu da suka ga sarki a ƙasa, su ma suka saki igiya suka zube, kowa ya sunkuyar da kai. Na sa ƙafa ina zame ragar a hankali, ina ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya ɗago. Saura ƙiris sai ga Lantana ta leƙo ta taga da tsintsiya a hannu.

"Inna? Wace Inna? Innata ƙafarta ba ta kai faranti ba! Kai, wannan ba Tunau ba ne, ɓarawon ƙosai? Ku kama shi!"

Na kwarara kirari: "Ƙyalli mai tsinka raga! Ga Tunau, surukar sarakuna!" Muka yi sama. Tsintsiyar Lantana ta biyo mu, ta gaji a hanya ta koma.

Gaba da Rataye akwai Kogin Iska. Kogi ne sosai, da gaɓa da igiyar ruwa, sai dai ba ruwa a ciki, iska ce mai kauri take gudu a sararin sama. A cikinsa akwai kadoji farare, marasa nauyi kamar auduga, masu haƙora kamar lauje. Muna cikin ƙetarewa wani babba ya taso mana, baki buɗe, har ina hango abin da ya ci jiya. Wani mahayin da sai ya tsaya tuna abin da Malam ya koyar. Ni kuwa ban taɓa fita gida ba tare da ƙullin garin barkono a aljihu ba, saboda mutum bai san inda zai tarar da masu barci ba. Na kwance ƙullin na watsa masa duka a maƙogwaro. Ya tsaya. Ya lumshe ido. Ya yi wata atishawa da ta tura mu gaba tafiyar rabin yini, shi kuma ta mayar da shi baya har ban san inda ya faɗa ba. Na ƙara wa Ƙyalli kirari saboda murna, muka ƙara sama.

Sai ga Tsohon Hadari.

Jama'a, na ga abubuwa a rayuwata, amma ban ga kamar wannan ba. Baƙi ne ƙirin, ya tokare sama da ƙasa, yana numfashi kamar mai barci. Walƙiya na yawo a jikinsa kamar jijiyoyi. Tun daga nesa tsawarsa ke kaɗa mini haƙora. Na laluba jakar sirdin Yaya ko zan sami abin ci, sai na ji dunƙulen auduga manya guda biyu. Na ce kai, Yaya akwai hankali. Na yaga na toshe kunnuwana da kyau, sauran na share hanci da shi na yar.

Muka kutsa ciki ta wata kafa. Ciki kamar babban zaure ne, duhu-duhu, sanyi kamar ana yanka mutum. Ƙanƙara na rataye a rufin kamar 'ya'yan kuka, ƙanana da manya. Sauran mahaya, na ji labari, ta bakin ƙofa suke tsinka, mai girman ƙwan zabo, su juya. Ni Tunau ban zo nan don ƙwan zabo ba. Na yi ta kirari muna hawa, har can ƙurya inda tsawa ke kwana, na rungumo wata mai girman tukunyar miya, na murɗe ta ta tsinke, na naɗe ta a gefen zanen Yaya.

A daidai nan tsawa ta farka.

Ni da na toshe kunne, ji na yi kamar an buga mini turmi a ka. Ƙyalli kuwa ta yi wata ƙara, ta girgiza kai, ta yi ta girgizawa. Na yi mata kirari, ba ta motsa ba. Na ɗaga murya, shiru. Sai da na kwanta a wuyanta na yi ihu da dukan ƙarfina, sannan jakar ta kumbura muka fasa rufin hadarin muka fito ta sama, cikin hasken rana. Ban tsaya tunanin abin da ya same ta ba. Ina da ƙanƙara, ita ce a raina.

Komowa ba wuya. Mun yi sama ƙwarai, har Kogin Iska ya zama kamar zare a ƙarƙashinmu, Rataye kuwa ko alamarta. Rana ta karkata kaɗan muka iso bisa Kantulu. Na leƙa da ido ɗaya. Garin duka bai fi faifai ba.

Na sha ganin yadda mahaya ke sauka: su sunkuya, su yi wa hurau raɗa a kunne, shi ke nan ya sauko. Sai na sunkuya na ce, "Sauka."

Ba ta sauka ba.

Na ce, "Ƙyalli, sauka mana." Na yi ihu, "Sauka!" Na ja linzami ƙasa, ta juya dama. Na sake ja, ta juya hagu. Na roƙe ta. Na zage ta. Na yi mata alkawarin dawa buhu guda. Muka yi ta zagaye a wuri ɗaya kamar shaho ya ga 'yan tsaki. Ƙanƙara ta fara ɗiga a cinyata. Ƙyalli ta fara haki, kumfa na fita a bakinta, fukafukanta na baya suna rawa. Tun hantsi take tashi ba hutu. Nan na fara jin wani abu a cikina, wanda ba zan kira shi tsoro ba, amma danginsa ne.

Can sai na ga wani ɗigo yana tasowa daga gari. Ya yi ta girma har ya zama tsohon hurau ɗin Malam Jatau, Malam a gaba, Yaya Tasalla a baya, rabin kanta da kitso rabi a tsefe. Suka daidaita da ni. Bakin Yaya na ta motsi, hannunta na ta nuna ni, ban ji komai ba. Na ce a raina, yau ga faɗa mai daɗi. Sai Malam ya nuna kunnensa. Na zare audugar.

"...ɗan banza, ja'iri, mara mutunci! Zanena! Sabon zanena da ko sau ɗaya ban ɗaura ba! Me ka yi wa Ƙyalli? Dubi bakinta!"

"Yaya, sannu da zuwa. Kin ga ƙanƙara?"

"Zan ga ƙanƙara a kanka!"

Malam bai ɗaga murya ba. Ya dubi audugar da ke hannuna, ya dubi Ƙyalli. "Tunau, wannan audugar a kunnen wa ka sa?"

"Nawa, Malam."

"Ta hurau ce. Darasin farko na shekara ta huɗu. Ka shiga da ita gidan tsawa kunne a buɗe, ka kurmantar da ita." Yaya ta dafe baki. Malam ya ci gaba. "Yanzu ka saurara, don dabbar nan ba za ta kai la'asar a sama ba. In ƙarfinta ya ƙare, faɗowa za ku yi kamar dutse, kai da ita. Abin da zan gaya maka sirrin shekara ta biyar ne, ba a faɗa wa wanda bai yi rantsuwa ba, amma ba ni da zaɓi. Yabo ke kai hurau sama. Kunya ke sauko da shi. Raɗar da ka ga mahaya na yi, wani abin kunyarsu suke faɗa masa, na gaskiya. In ya ji wanda ke bayansa ba kowa ba ne, sai jakar ta sace, ya sauko."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne." Na sunkuya zan yi raɗa.

"Ba za ta ji raɗa ba. Kai ka jawo. Sai ka yi ihu."

To, in dai laifi ne, ina da shi rumbu-rumbu. Na gyara zama na kwarara: "Ni ne na ɗaure jelar akuyar liman da ƙararrawa ranar Juma'a! Ni ne na zuba ƙaiƙayi a tabarmar masu dara! Ni ne na sa kwaɗo a butar Malam, ba Ɗanjuma da aka yi wa bulala ba!"

Sai na ji iska ta ƙara sanyi. Na duba, Malam da Yaya suna ƙasa da ni. Ƙyalli sama ta yi.

Yaya ta yi ihu, "Wawa! Kirari kake yi! Ji muryarka, har da murmushi!"

Suka taso suka same ni. Malam yana goge gemu. "Ashe kai ne na kwaɗo. Za mu yi wannan maganar a ƙasa. Ban ce ka faɗi abin da ka yi wa mutane ba, yaro. Wanda in ka tuna shi kake jin kamar ƙasa ta tsage ka shige, shi za ka faɗa."

"Ba ni da irin wannan, Malam."

"To ku yi sallama da yayarka."

Na dubi cinyata. Ƙanƙarar ta koma kamar ƙwarya ƙarama, zanen ya jiƙe sharkaf. Ƙyalli ta yi wani nishi, fiffikenta ɗaya na baya ya saki, muka karkata. Yaya ta daina zagi. Ta ce, a hankali, "Tunau, don Allah. Tun tana ƙwai nake renonta."

Wannan ya fi zagin ciwo. Na kwanta a wuyan Ƙyalli, na rufe ido, na yi ihu:

"Ina tsoron kaza mai 'ya'ya!"

Jakar ta yi fiii. Muka sauko kamar tsayin rimi goma. Yaya ta yi wani sauti da ban gane kuka ne ko dariya ba.

"Ci gaba," in ji Malam.

"Sai da na shekara goma sha ɗaya na daina fitsarin kwance! Inna ce ke ɓoye tabarmar!"

Muka ƙara saukowa. Garin ya koma kamar tabarma.

"Waƙar da aka tsinta a ƙofar gidan su Hanne mai fura, wadda aka yi ta karantawa ana dariya a dandali, ni na rubuta! Da gaske kuma nake!"

Wannan ta sauko da mu sosai, har kunnena ya toshe. Na buɗe ido. Ga rumfunan kasuwa, ga mutane kamar tururuwa, duk sun ɗaga kai. Kasuwar Laraba, wadda ko mahaukaci ya shigo ba ta yin shiru, ta yi tsit. Ina faɗa muku, ko sarki bai taɓa samun masu sauraro irin nawa ba.

Na ce, "Malam, yanzu fa suna ji."

"Suna ji. Ci gaba."

Na faɗi na tsoron allurar wanzami. Na faɗi na ranar da ɗan yaye ya kayar da ni a kokawa na ce santsi ne. Kowanne na faɗa, kasuwa ta ɗauki "Ayyo!" Muka iso daidai tsayin ganuwa, sai Ƙyalli ta tsaya. Na faɗi wasu ƙanana biyu, ko motsi. Ƙafafunta na lilo, idonta ya fara juyewa.

Malam ya ce, "Saura babban. Kai ka san shi."

Na san shi. Na dubi ƙanƙarar, na dubi kasuwa, har na hango Hanne da ƙwaryar furarta a ka, baki buɗe. Na cika ƙirji.

"Ba makaranta ce ta yi mini kaɗan ba! Ranar da Malam ya fara tashi da ni, amai na yi masa a baya, na yi kuka ina kiran Inna! Malam bai gaya wa kowa ba, ni ne na kasa komawa! Tsoron sama nake yi! Yau ma tun safe ban buɗe ido biyu ba! Kuma hassadar munduwar Yaya ce ta sa na saci dabbarta na kurmantar da ita!"

Jakar ta sace gaba ɗaya. Ƙyalli ta sauko a hankali kamar ganye, ta dira a tsakiyar kasuwa tsakanin masu tumatir da masu daddawa, ta kwanta ta miƙe wuya. Yaya ta diro tun kafin nasu ya taɓa ƙasa, ta rungume kanta tana kiran a kawo ruwa. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Na sauko daga sirdi. Ba wanda ya yi dariya tukuna, ajiye ta suka yi sai an gama. Malam ya aika aka ɗauko akushinsa. Na kwance gefen zane. Ƙanƙarar da na tsinko kamar tukunyar miya ta koma kamar gujiya. Na sa ta a akushi, ta yi ƙwal.

Malam ya ɗauka ya duba ta a rana. Ya jefa a baki, ya tauna, ƙurus ƙurus, kasuwa duka na jin ƙarar. Ya haɗiye.

"Ta ƙurya ce," in ji shi. "Ta ɗakin tsawa. Shekarata arba'in ina karɓar ƙanƙara, ba wanda ya taɓa kawo mini ta ƙurya. Mai tsoron sama kuma."

Ku rubuta wannan. A gaban kasuwar Laraba ya faɗa, akwai shaidu.

Na miƙa hannun dama. "To Malam, munduwa."

"Munduwa taka ce, ba mai hana ka. Sai dai maƙerinmu ba ya auna hannun da bai yi kantar aiki ba. Za ka riƙa ɗiga wa Ƙyalli man shanu mai ɗumi a kunne safe da yamma har ranar da za ta ji raɗar yayarka. Za ka koma aji, ka zauna a layin gaba. Shekara biyu da rabin da ka tsallake kuma, kai ne mai kwashe kashin garke, kai kaɗai. Maganar kwaɗo, Ɗanjuma na nan yana jiranka da bulalarsa bakwai, ya ce a hannu zai mayar maka."

Na juya don in duba ko akwai hanya ta wajen masu daddawa. Liman na tsaye a wurin. Ta wajen masu tumatir, 'yan dara ne su shida, suna susa tun ban ce komai ba. Ta baya kuwa tsohon mai gadin garke ne, ya riga ya kama ni a wuya, yana cewa, "Karatu yake yi a gida, ko?"

A nan kasuwa ta saki dariyar da ta ajiye.

Suka tasa ni gaba har garke, yara na biye suna kukan kaza. Huraye arba'in ne a garken Kantulu, kowanne kuma abin da yake ajiyewa a yini ya kai tsayin rumbu. Mai gadi ya jawo kwanduna uku ya jera a gabana, ƙarami, matsakaici da wani ƙato da mutum biyu ke ɗauka, ya ce in zaɓa.

Na dubi jama'ar da suka cika ƙofa suna leƙe. Na naɗe hannun riga.

Na ce, "Baba, wannan ƙaton shi ne babbanku? Ba wanda ya fi shi?"